Wai ina rawar take a cikin wannan zanen?

Nafisa Zariya: Salam jama'a, dan Allah masana zane ku taimaka min. An ba mu aiki a kan yadda masu zanen Turai na farkon ƙarni na 20 suka riƙa zana rawa da motsi, kuma akwai guda ɗaya da ya tsaya min a rai. Na Theo van Doesburg ne, ɗan ƙasar Holan, ya yi shi a 1918 ya ce wai takun rawar mutanen Rasha ne. To ni dai ba mutum nake gani ba, ba ƙafa ba hannu, sanduna ne kawai sirara, wasu a tsaye wasu a kwance, wasu baƙaƙe wasu masu kala, kuma ko taɓa juna ba sa yi. Tambayata ita ce in an cire jikin mai rawa gaba ɗaya me ya rage da za a kira rawa?

Auwal Fagge: Ƙanwata babu abin da ya rage. Mutum ya jera sanduna ya laƙa musu suna, da ya ce taswirar unguwa ce haka za a karɓa. Ni zane in sai an karanta min sunansa kafin in gane to bai isar da saƙo ba.

Sadiq mai hoto: Auwal dakata tukuna, abin yana da asali, kuma daga wajenmu masu kamara ya taso. A 1878 wani mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya jera kamara 12 a gefen filin sukuwa a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, dokin wani attajiri Leland Stanford ya wuce a guje kowacce ta ɗauki nata ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi an ga lallai akwai lokacin da duk kofato huɗun suke barin ƙasa, amma a lokacin a naɗe suke ƙarƙashin cikin dokin, alhali masu zane sun shekara da shekaru suna zana doki da ƙafafu a miƙe biyu gaba biyu baya yana shawagi. Kaga an kunyata ido kenan. Sannan a Faransa akwai Etienne-Jules Marey, shi likitan binciken jiki ne ma ba mai zane ba, ya riƙa ɗaukar motsi da yawa a kan faranti ɗaya, da ya ga hotunan suna cakuɗewa sai ya sa wa mutum baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa, ya manna farin layi a hannu da ƙafa da ɗigo a gaɓoɓi, ya sa shi ya yi tafiya a gaban baƙin bango. In ka ga hoton wlh babu mutum, layuka ne kawai suna karyewa suna miƙewa a jere, amma kana gani ka san tafiya ce. Wannan tun wajen 1883 fa, shekara talatin da wani abu kafin sandunan da Nafisa take magana.

Malam Habibu: Madalla Sadiq, ta nan ya kamata a faro. Nafisa, matsalar da suke fama da ita tsohuwa ce: ƙyallen zane a tsaye yake cak, ita kuwa rawa ba ta da rai sai cikin lokaci, taku na bin taku. Yaya za ka cusa lokaci a cikin abin da ba ya motsi? Da kamara ta zo ta karɓe aikin kwaikwayon siffa, sai suka samu sararin tambayar wannan da gaske.

Mutanen Italiya su suka fi ɗaga murya. Wani marubucinsu mai suna Marinetti ya buga sanarwar ƙungiyarsu ta Futurismo a shafin farko na jaridar Le Figaro ranar 20 ga Fabrairu 1909, yana yabon gudu da mota da injin. A 1910 masu zanensu biyar, Boccioni da Carrà da Russolo da Balla da Severini, suka fitar da tasu takardar, a ciki suka ce doki mai gudu ba ƙafa huɗu gare shi ba, ashirin ne. Ki nemo zanen Giacomo Balla na 1912, na ɗan guntun kare da ake jan sa da sarƙa. Ƙafafun karen sun zama tuli guda kamar fanka tana juyawa, jelar ta rabu gida-gida, sarƙar ma ta zama kamar guda huɗu tana lilo, na uwar ɗakinsa kuma ƙafafu da gefen siket kawai aka nuna su ma sun ninku. Zanen yana birnin Buffalo na Amurka yanzu. Wannan ita ce hanya ta farko, wato ka ƙirga wuraren da gaɓa ta bi ka zana su duka.

Auwal Fagge: To wannan na yarda, na gan shi yanzu, kare ne kowa ya san kare ne kuma sauri yake. Abin da nake nufi kenan Malam, ba sai an yi min bayani ba.

Sadiq mai hoto: In ka yarda da karen to ka kusa yarda da zanen Duchamp, mai zane ɗan Faransa, don shekararsu ɗaya, 1912, kuma shi da bakinsa ya ce ya ga hotunan Marey. Zanen mutum ne yana saukowa daga matakala, duk kalar itace, ruwan ƙasa da ruwan zuma, jikin ya zama faifai-faifai masu kusurwa sun zubo daga sama ta hagu zuwa ƙasa ta dama, har da 'yan ɗige-ɗige a lanƙwashe wajen ƙugu suna nuna inda ya juya.

Maman Ilham: Shi ne wanda sunansa yake cewa tsirara? Ni shi ya sa na ƙi buɗewa.

Sadiq mai hoto: Shi ne Hajiya, amma sunan ne kawai, babu fata babu fuska babu komai, ba za ki ma iya cewa mace ce ko namiji ba. Kuma sunan ne ya jawo masa rigima, abokansa 'yan Kubizim, wato masu daddatsa siffa zuwa kusurwoyi, da suke shirya baje kolin Paris na wannan shekarar suka turo yayyensa biyu su ce masa ya canza suna ko ya janye, sai ya hau tasi ya je ya ɗauko abinsa. Da aka kai shi New York a 1913 baje kolin da ake kira Armory Show jaridu suka yi ta masa dariya, wani ya ce kamar fashewa ce ta auku a masana'antar katakon rufi. Yanzu yana gidan tarihin zane na Philadelphia mutane na layi su gan shi.

Malam Habibu: Amma ni ina da ja a kan wannan hanyar, kuma Nafisa ki rubuta shi a aikinki don nan gizo ke saƙar. Ninka ƙafafu ba ya sa ni jin motsi. Yana sa ni in san an yi motsi, kamar yadda sawu a ƙasa yake gaya maka an wuce. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan sallah lokacin da mahaya suka sako dawakai a guje za su yi jahi ya san ba ƙafa yake ƙirgawa ba. Ƙura ce ke tasowa, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafarka, rawani da alkyabba na kaɗawa, kafin ka ankara an ja linzami dokin ya zauna a kan ƙafafun baya. Babu wanda ya taɓa ganin ƙafa ashirin, na'ura ce ta gani ta ba mu labari. Rodin mai sassaƙa ya faɗi haka tun 1911, ya ce mai zane ne yake faɗin gaskiya, hoto ne yake ƙarya, domin a zahiri lokaci ba ya tsayawa.

Ku dubi zanen Rawa da Matisse, mai zane ɗan Faransa, ya yi a 1910 wa attajirin Mosko Sergei Shchukin, yana gidan tarihin Hermitage a Saint Petersburg. Mutum biyar ne riƙe da hannun juna a da'ira, kowa ƙafarsa biyu, bai ninka komai ba, kala uku kacal, jan jiki da koren tudu da shuɗin sama. Amma akwai wuri ɗaya a gaba inda hannun biyu daga cikinsu ya kuɓuce, ɗaya ta miƙe iya ƙarfinta tana neman kamo ɗan uwanta, saura ƙiris. Idonka in ya iso wurin dole ya tsallaka da kansa ya ci gaba da zagaye. Wannan ɗan giɓin ya fi min ƙafafun karen Balla duka motsi. Hajiya, wannan kam jikin mutane ne a fili, na faɗa miki tun kafin ki nema.

Sadiq mai hoto: Ranka ya daɗe a nan ban bi ka ba gaskiya. Rodin yana kare sana'arsa ne. Kuma ido yana ganin ninkin nan, ka kaɗa hannunka da sauri a gaban fuskarka ka gani ko yatsu biyar za ka ƙirga. Abin da Balla ya zana gaskiyar ido ce ba ta na'ura kaɗai ba.

Malam Habibu: Inuwa-inuwa za ka gani Sadiq, ba yatsu a jere kowanne da gefensa ba. Su kuma a jere suka zana.

Issoufou Damagaram: Assalamu alaikum, ku ba ni dama in shigo da wata mata don har yanzu maza kawai ake kira. Lokacin da nake karatu a Faransa na tsaya a gaban zanen Sonia Delaunay na gidan rawar Bullier a cibiyar Pompidou, na 1913 ne. A waya ba ya nuna komai, domin tsawonsa a kwance ya kusa mita huɗu amma tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, ba za ka iya haɗiye shi da kallo ɗaya ba, dole ka taka daga wannan gefe zuwa wancan. Da farko kala kawai na gani, ja kusa da kore, shuɗi kusa da ruwan lemo, da'irori a sama kamar hasken fitilun lantarki ya fashe. Ina cikin tafiya sai mutane suka fara fitowa bibbiyu, ga bayan namiji a lanƙwashe, ga mace ta jingina, rawar tango suke wadda take tashe a Paris a lokacin, in ka matsa taku biyu sai su narke cikin kalar wasu su fito. Ita ba ta ninka ƙafar kowa ba, kalolin da ta haɗa ne ba sa barin ido ya zauna wuri ɗaya, wannan ya tura ka ga wancan. Kuma ba daga nesa ta leƙa ba, ita da mijinta Robert suna zuwa gidan rawar, har riga ta ɗinka ta guntayen yadi kala-kala tana sawa ta je da ita.

Maman Ilham: Kai wannan ta burge ni. Mu masu ɗinki mun san wannan sarai, akwai kalar da in ka jera ta da wata sai ka ga kamar yadin yana rawa a ido, wata kuma ta kwanta lumui. Kwastoma za ta ce miki wannan haɗin yana min yawo a ido, ba ta san sunan abin ba amma ta gan shi. Ashe har ɗinki take yi?

Issoufou Damagaram: Sosai Hajiya, a 1911 ma bargon jariri ta haɗa wa ɗanta da guntayen ƙyalle irin yadda ta ga matan ƙauye suna yi a ƙasar haihuwarta Yukiren, kuma ta ce daga nan ne idonta ya buɗe kan wannan salon. Daga baya ta buɗe shagon yadi da tufafi a Paris.

Nafisa Zariya: To kenan hanya biyu ce, masu kallon mai rawa daga waje suna ƙirga takunsa, da masu shiga cikin filin su zana yadda abin yake a jiki? Malam, shi Severini fa ina zai faɗa, don shi ɗan Futurismo ne amma nasa ya fi kama da na matar nan.

Malam Habibu: Kin kamo bakin zaren. Severini a Paris yake zaune, kuma shi gidajen rawa ne suka ɗauke masa hankali fiye da mota da jirgin ƙasa. Babban aikinsa na 1912 a kan gidan rawar Bal Tabarin yana New York a gidan tarihin zane na MoMA. Siket ɗin mata ya tarwatse ya zama ɓaraguzan ruwan hoda da shunayya suna juyawa, ya rubuta sunayen raye-raye a ciki kamar polka da valse, sannan ya manna ƙyalƙyali na gaske a jikin fentin, irin wanda Hajiya take sa wa leshi, don hasken ɗaki ya riƙa wasa a kai in ka gitta. Hayaniya da kiɗa da zafin wuri yake son ka ji, kai kanka ya sa ka a tsakiyar filin. A 1914 ya ƙara nisa, ya yi wanda ya ce teku daidai take da mai rawa, igiyar ruwa da juyin siket suka zama lanƙwasa ɗaya, har fentin ya haura kan firam ɗin.

Auwal Fagge: Na buɗe na Tabarin ɗin, can sama akwai wani ɗan mutum a kan raƙumi, me ya kawo raƙumi gidan rawa a Paris?

Issoufou Damagaram: Yawwa Auwal, wannan tambayar tana da nauyi a wurina. A daidai lokacin Italiya tana yaƙin mamaye Libiya, 1911 zuwa 1912, kuma masana da yawa suna danganta mai raƙumin da wannan. Kada mu manta su wane ne mutanen nan, sanarwar Marinetti ta 1909 ta fito fili ta yabi yaƙi ta ce shi ne tsaftar duniya, ta kuma yabi raina mata. Shi Marinetti ya je Libiya yana aiko da rahoton yabo, daga baya ya bi Mussolini, a 1935 ya sa kaki ya tafi yaƙin Habasha. To ni in ina kallon son gudu da ƙarfi da ke cikin zanensu ba na iya raba shi da wannan, ana rawa a Paris ana kashe mutane a Tarabulus, makwabtanmu ne ta arewa, hanyar fatakenmu ce tun kaka da kakanni. Ina son aikin Severini amma da ɗaci nake kallonsa.

Malam Habibu: Gaskiya ka faɗa, kuma yaƙin da suka yi ta kira ya ci nasu. Boccioni, wanda a ganina ya fi su duka basira, ya mutu a 1916 yana da shekara 33, doki ne ya kayar da shi wajen atisayen soja. Shi ne ya yi mutum-mutumin nan na 1913 mai dogon taku, babu hannu babu fuska, naman ƙafafun ya baje baya kamar iska tana yage shi. Shi ne a bayan kwabon santi 20 na yuro na Italiya. Da filasta ya yi shi, na tagullar da ake gani duk bayan mutuwarsa aka zuba su. Kuma Sadiq ka lura, ƙafa biyu ya ba shi, bai ninka ba, siffa ɗaya ya nema wadda ta haɗiye tafiyar duka.

Auwal Fagge: Duk na ji, amma har yanzu ba a amsa wa yarinyar nan ba. Duk waɗanda kuka lissafo akwai ɗan abin kamawa, ƙugu ko siket ko baya. Na sandunan fa?

Malam Habibu: Na sandunan ma daga jiki ya faro. Zane-zanen gwaji da van Doesburg ya yi kafin ya kai ga wannan suna nan an adana, in ka jera su za ka ga mai rawa sosai a na farko, a na gaba an daddatsa shi ya zama kusurwoyi, a na gaba an zare nama an bar inda nauyi ya sauka da inda gaɓa ta karye, har ya rage sanduna. Abin da ya bari shi ne tsawo da gajarta da tazarar da ke tsakani, dogo, gajere, gajere, shiru, dogo. Makaɗi ai da wannan yake aiki, bugu da tazara, kuma ba ka cewa kiɗa bai isar da saƙo ba don bai yi kama da mutum ba. Wani mai zane Kandinsky ya yi irin wannan a fili a 1926 lokacin yana koyarwa a makarantar Bauhaus ta Jamus. Ya ɗauki hotuna huɗu na mai rawa Gret Palucca waɗanda Charlotte Rudolph ta ɗauka, kowanne ya ajiye nasa zanen a gefe, layi kaɗan kawai, lanƙwasa ɗaya daga yatsan ƙafa har yatsan hannu, wani miƙaƙƙe ya ratsa ta. In ka rufe hoton ka bar layukan tsallen yana nan.

Auwal Fagge: Na Kandinsky zan iya karɓa tunda layin yana lanƙwasa kamar jiki. Amma rawar Rasha da ake durƙusawa ana harba ƙafa ana juyi a ce duk ta koma miƙaƙƙun sanduna, a'a Malam, ya zare abin har ya zare ran. Kuma in babu zanen gwajin a gefe wa zai sani?

Malam Habibu: A kan wannan zanen guda ɗaya ba zan matsa maka ba, ni ma ina ganin ƙa'idar ƙungiyar su van Doesburg ta De Stijl, wadda ta hana lanƙwasa, ta ɗaure masa hannu a wurin da rawa take buƙatarta.

Maman Ilham: Ni tambayata, mu ba mu da irin wannan ne? Aikin aska takwas a babbar riga da zanen bangon gidaje na Zariya da Kano ai duk babu mutum a ciki.

Malam Habibu: Muna da zanen da ba ya kwaikwayon siffa tun kafin su, Hajiya, amma kada mu haɗa su a kwano ɗaya. Magini da mai ɗinkin riga ba daga jikin mai rawa suka faro suna zarewa ba, nasu ado ne mai tsarinsa da ma'anarsa. Wanda ya ɗauki wannan tambayar ta motsi kai tsaye a Najeriya shi ne Ben Enwonwu, haifaffen Onica a 1917, ya yi karatu a Landan, ya shafe shekaru yana zana jerin ayyukansa kan raye-rayen Afirka. Shi bai jefar da jiki ba, ja ya yi ya ƙara masa tsawo, wuya da hannu da baya suka zama lanƙwasa, wani lokaci ya maimaita siffar a baya kamar amsa-kuwwa. Nafisa in malaminku ya yarda ki rufe da shi, ki nuna abin da ya ɗauka da abin da ya ƙi.

Sadiq mai hoto: Ni dai har yanzu ina nan kan bakana game da kamara, don akwai wanda ba a ambata ba, Anton Giulio Bragaglia, shi ma ɗan Italiya ne, tsakanin 1911 da 1913 ya riƙa barin shota, wato ƙofar shigar haske ta kamara, a buɗe mutum yana motsi, hoton ya fito da shara ɗaya mai santsi daga farkon motsin zuwa ƙarshensa babu daddatsawa, wato ainihin inuwa-inuwar da Malam ya ce ido ke gani, amma Boccioni da mutanensa suka nesanta kansu da shi don kada a ce zanensu hoto ne. Nafisa ki gwada da kanki kafin ki rubuta, ki samu masu rawar koroso in suna atisaye da yamma, ki kafa waya a kan abu kada ta girgiza, ki shiga saitin hannu ki sa shota ta kai kamar rabin sakan, ki ɗauka. Sannan ki ajiye wayar ki ɗauki gawayi da takarda ki zana su ba tare da kin kalli takardar ba, hannunki ya bi kafaɗa da ƙugu kawai. Ki turo mana duka biyun nan ni da Malam mu ci gaba a kansu.